Giram 25 a Cikin Buhun Siminti

Shirin filin kimiyya da ƙere-ƙere na yau ya shafi birkila da lebura, ya shafi injiniya da ɗan kwangila, ya kuma shafi duk magidancin da ke tara taro da sisi don ya ɗora bulo a kan filinsa. Batun shi ne wani sinadari da ake kira girafin oksaid, wanda masu bincike a ƙasashe da dama ke gwada zuba shi cikin siminti da kankare.

Buhun siminti kilo 50 ne. Abin da masu binciken ke ƙarawa a kan wannan buhu bai wuce giram 15 zuwa 25 ba, wato nauyin ɗunkulen magi huɗu zuwa shida. Da wannan ɗan abin da bai cika tafin hannu ba suke cewa simintin kan ƙara ƙarfi da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma rage shan ruwa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar kwanon sarki a wurin gini yana da hujjar ya yi tababa.

Labarin ya fara ne daga bakin fensir. Baƙin abin nan da ɗan makaranta ke rubutu da shi sunansa girafait, kuma kabon ne zalla, dangin gawayi. Yadda Allah Ya tsara shi, falle-falle ne a jere, ɗaya kan ɗaya, kamar shafukan littafi. Kowane falle yana da ƙarfi a karan kansa, amma riƙon da ke tsakanin falle da falle sako-sako ne. Shi ya sa da an goga fensir a takarda sai wasu fallayen su sulluɓe su manne, su zama rubutu. A cikin milimita ɗaya na girafait akwai irin waɗannan fallaye kusan miliyan 3.

Falle guda tak, idan aka raba shi da 'yan uwansa, shi ne girafin. Kaurinsa ƙwayar zarra ɗaya ce, kuma ƙwayoyin sun jeru ne gida-gida mai kusurwa shida, kamar saƙar zuma. An daɗe ana ganin ba zai yiwu a ware shi ya tsaya shi kaɗai ba, sai a shekarar 2004, lokacin da wasu masana biyu haifaffun Rasha da ke aiki a Jami'ar Manchesta ta Ingila, Andre Geim da Konstantin Novoselov, suka yi nasarar hakan. Kayan aikinsu salatif ne. Suka riƙa manna shi a jikin girafait suna ɓallewa, suna ninkawa suna sake ɓallewa, har abin da ya rage ya zama falle ɗaya. Wannan aiki ya ba su lambar yabo ta Nobel a fannin fiziks a 2010.

Kwamitin da ya ba su lambar ya kawo wani misali da ya kama hankalin mutane. Da za a saƙa raga mai faɗin murabba'in mita ɗaya da girafin, nauyinta ba zai kai miligiram ɗaya ba, amma za ta iya ɗaukar kyanwa mai kilo huɗu ba tare da ta yage ba. A wannan lissafi, giram shida sun isa su rufe filin ƙwallon ƙafa kaf.

Sai dai girafin tsantsa yana da hali guda da ke hana shi shiga harkar gini cikin sauƙi: ba ya jituwa da ruwa. A zuba shi a bokiti, sai ya taru wuri ɗaya ya dunƙule. Kankare kuwa da ruwa ake kwaɓa shi. A nan ne girafin oksaid ya shigo. Shi ma falle ɗaya ne na kabon, amma an liƙa masa ƙwayoyin oksijin a fuska da gefe-gefe. Waɗannan ƙwayoyi su ne ke sa shi son ruwa, ya bazu a ciki ya mayar da shi ruwan ƙasa-ƙasa kamar shayin da ba madara. Ya rasa wani kaso na ƙarfin girafin tsantsa, amma ya sami damar shiga kwaɓi.

Abin mamaki, wannan sinadari ya girmi girafin ɗin kansa a tarihi. Tun a 1859 wani masanin haɗa sinadarai a Oxford, Benjamin Brodie, ya jiƙa girafait da ruwan asid mai ƙarfi ya fitar da shi, ba tare da ya san cewa fallayen da ke hannunsa za su zama abin rububi bayan shekara 150 ba. Hanyar tasa tana da haɗari, don tana fitar da iska mai iya fashewa. A 1958 wasu Amurkawa biyu, William Hummers da Richard Offeman, suka fito da hanya mafi sauƙi da sauri, kuma har yau ita ce, da 'yan gyare-gyare, akasarin masu haɗa shi ke bi.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Kafin a gane abin da wannan falle ke yi a cikin kankare, sai an gane shi kansa simintin. Simintin da ake amfani da shi a yau ya samo sunansa ne daga wani birkila ɗan garin Leeds, Joseph Aspdin, wanda ya yi rajistar haɗinsa a 1824, ya kira shi Portland saboda kamanninsa da wani dutsen gini na kudancin Ingila. Yadda ake yinsa a yau kusan iri ɗaya ne, ko a Obajana ne a jihar Kogi, ko Ashaka a Gombe, ko Kalambaina a Sakkwato, ko Malbaza a Jamhuriyar Nijar. Ana niƙa dutsen farar ƙasa da yumɓu, a gasa su a wata doguwar tanda mai juyawa, a zafin da ya kai digiri 1,450. Abin da ke fitowa curi-curi ne da ake kira kilinka, shi ake niƙawa da ɗan jifsam ya zama garin siminti.

Duniya na yin siminti kusan tan biliyan 4 a shekara, kimanin rabinsa a ƙasar Sin. Bayan ruwa, babu abin da ɗan Adam ke amfani da shi da yawa kamar kankare. Wannan yawa kuwa yana da nasa nauyin. Kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon dayoksaid da mutane ke saki sararin samaniya daga masana'antun siminti take fitowa. Fiye da rabinta ma ba daga makamashin da ake ƙonawa ba ne, daga jikin dutsen ne da kansa, domin farar ƙasa ba ta zama siminti sai ta saki iskar da ke cikinta. Ke nan ko da hasken rana aka gasa dutsen, wannan kaso yana nan. Hanya mafi kusa ta rage shi ita ce a yi gini iri ɗaya da siminti kaɗan, kuma wannan ne babban abin da ya ja hankalin masu bincike zuwa ga girafin.

Mutane kan ce siminti ya bushe. A gaskiya siminti ba bushewa yake yi ba, tsiro yake yi. Da ruwa ya taɓa garin, sai wasu ƙananan zaruruwa da ƙyallaye su fara fitowa daga jikin kowace ƙwaya, suna miƙewa suna sarƙewa da juna, suna riƙe yashi da tsakuwa. Wannan tsiro yana ɗaukar kwanaki, shi ya sa injiniyoyi ke auna ƙarfin kankare a kwana na 28, shi ya sa kuma ake ba sabon gini ruwa safe da yamma. A cikin abin da ke tsirowa akwai mai amfani sosai, wani ƙulli mai danƙo wanda shi ne ainihin ƙarfin kankare, akwai kuma wasu manyan ƙyallaye na kalsiyam masu rauni. Tsakaninsu ana barin ƙananan ramuka, musamman inda ruwan da ya yi yawa ya zauna kafin ya ƙafe.

Daga nan raunin kankare yake. Idan danna shi aka yi, jarumi ne. Idan ja ko lanƙwasa ne, ƙarfinsa bai fi kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Saboda haka ake saka rodi. Amma ruwa da gishiri kan bi ta waɗannan ramuka da ƙananan tsagogi su kai ga rodin, ya yi tsatsa. Ƙarfe mai tsatsa kumbura yake yi, sai ya tura kankaren daga ciki ya ɓantare shi. Duk wanda ya ga ƙasan tsohuwar gada ko dekin da rodi ya leƙo ya yi ja, wannan ciwon ya gani.

Maginan gargajiya na ƙasar Hausa sun san irin wannan matsala tun kafin zuwan siminti, sun kuma san maganinta a nasu ma'aunin. Suna cuɗa ciyawa a cikin ƙasar gini don kada bango ya tsage. Suna shafa makuba daga ɓawon ɗorawa don ruwan sama ya zame. Laso kuma, wanda ake shafe soraye da shi, haɗi ne na katsi daga karofi, da dafara, da gashin jima daga majema. Gashin nan shi ke riƙe bakin tsaga kada ta buɗe. Girafin oksaid na yin aiki mai kama da wannan, sai dai a ma'aunin da ido ba ya gani. Kaurin fallensa kusan nanomita ɗaya ne, wato milimita ɗaya da aka raba gida miliyan. Silin gashin mutum ya fi shi kauri sau dubbai masu yawa.

Masu bincike sun gano ayyuka uku da yake yi. Na farko, kuma wanda ya fi muhimmanci, yana zama madogara ga tsiron siminti. Ƙwayoyin oksijin da ke jikinsa suna jawo kalsiyam, sai ƙullin nan mai ƙarfi ya fara fitowa a kansa. Da yake fallayen suna da yawan gaske kuma sun bazu ko'ina, tsiron kan fara a wurare da dama lokaci guda, ya fito a cunkushe, ramuka su ƙanƙance. Ashe ba ƙarfin fallen kaɗai ke aiki ba, yadda yake tsara girman simintin ne. Wannan ne ya sa ɗan kaɗan ke isa.

Na biyu, idan tsaga ta fara tun tana ƙarama, takan ci karo da falle a hanya. Ko dai fallen ya riƙe bakinta biyu, ko ya tilasta mata kauce hanya, ta ɓata ƙarfinta wajen kewaye. Na uku, ruwa da gishirin da ke neman kaiwa ga rodi sukan tarar da hanya ta zama lungu-lungu, kamar baƙon da ya shiga tsohuwar unguwa a cikin birni, ya yi ta zagaye bai kai inda za shi ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Ga wanda ya kama rediyonsa yanzu, shirin na magana ne a kan girafin oksaid da yadda ake gwada shi a cikin siminti da kankare. Yanzu kuma sai abin da gwaje-gwaje suka nuna.

A 2013, wata tawaga ƙarƙashin Lv Shenghua a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Shaanxi da ke birnin Xi'an a Sin ta zuba kashi 0.03 cikin 100 na girafin oksaid a kwaɓin siminti da yashi, daidai da giram 15 a buhu. Ƙarfin jure danni ya ƙaru da kusan kashi 39 cikin 100, na jure lanƙwasa kuma da kusan kashi 60. Da suka duba da na'urar hangen ƙananan abubuwa, suka ga ƙyallayen simintin sun fito cikin tsari mai kama da furanni. Bayan shekara biyu, masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostareliya suka gwada kashi 0.05, wato giram 25 a buhu, suka sami ƙarin kashi 15 zuwa 33 a jure danni, da kashi 41 zuwa 59 a jure lanƙwasa. A Jami'ar Jihar Washington ta Amurka kuwa, tawagar Xianming Shi ta yi amfani da shi wajen farfaɗo da tokar da tashoshin lantarki masu ƙona kwal ke zubarwa, ta yi kankare da ita a madadin siminti.

A 2018 Jami'ar Exeter ta Ingila ta fitar da sakamakon da ya fi kowanne amo. Tawagar Monica Craciun ta yi amfani da girafin da aka baza a ruwa, ta ba da rahoton cewa ƙarfin kankaren ya ninka fiye da sau biyu, shigar ruwa kuma ta ragu ƙwarai.

Duk waɗannan a ɗakin gwaji aka yi su, a kan 'yan ƙananan curi da mutum zai ɗauka da hannu ɗaya. Fita fili ta zo ne a watan Mayun 2021 a garin Amesbury da ke kudancin Ingila, kusa da tsofaffin duwatsun Stonehenge. Wani kamfanin gine-gine, Nationwide Engineering, tare da cibiyar girafin ta Jami'ar Manchesta, suka zuba daɓen wani ɗakin motsa jiki da haɗin da suka raɗa wa suna Concretene. Sun rage kayan kwaɓi da kashi 30 cikin 100, kuma ba su saka rodi ba. A ƙarshen wannan shekarar suka zuba wani daɓen a tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Mayfield a Manchesta. A 2023 kuma masana'antar siminti ta Hope da ke yankin Derbyshire ta gwada zuba girafin tun a wurin niƙa kilinka, tare da kamfanin First Graphene na Ostareliya, don simintin ya fito da shi a cikin buhu.

Akwai abin lura game da daɓen Amesbury. Daɓe ne da ke kwance a ƙasa, ƙasa ce ke ɗauke da nauyinsa. Cire rodi a irin wannan wuri daban yake da cire shi a dekin ko ginshiƙin bene. Babu injiniyan kirki da zai sa hannu a kan bene marar rodi don an ce an zuba girafin.

To me ya hana abin cika kasuwa? Matsala ta farko tana cikin kwaɓin ne. Girafin oksaid yana bazuwa lafiya lau a tsabtataccen ruwa, amma ruwan da ke cikin siminti wani abu ne daban: yana da kaifi irin na ruwan toka mai ƙarfi, kuma cike yake da kalsiyam. Kalsiyam ɗin nan da fallen ke jawowa don amfani, shi ne kuma ke ɗinke falle da falle su zama gudaji, kamar garin tuwon da aka zuba a tafasasshen ruwa ba a yi talge ba. Gudajin girafin a cikin kankare ba ƙarfi ba ne, gurbin rauni ne. Don haka ake fara kaɗa shi a ruwa da na'ura mai girgiza da sauti, a haɗa shi da wani sinadarin sassauta kwaɓi da ke lulluɓe fallayen ya hana su mannewa. Yin haka a kofin gwaji abu ne mai sauƙi. Yin sa a motar kwaɓa kankare mai ɗaukar tan da yawa, ko da shebur a bakin titi, wani aiki ne.

Yawan ma yana da iyaka. Gwaje-gwaje da dama sun nuna cewa da an wuce wani ɗan ƙaramin ma'auni, ƙarfin kan daina hawa, ya fara sauka.

Matsala ta biyu ita ce ƙishirwa. Faɗin fallayen ya sa suna riƙe ruwa mai yawa, sai kwaɓin ya yi tauri, ya ƙi bin shebur. Abin da lebura zai fara yi kuwa shi ne ƙara ruwa. Tun a 1918 wani injiniya Ba'amurke, Duff Abrams, ya nuna cewa ƙarfin kankare na raguwa ne gwargwadon yawan ruwan da aka kwaɓa shi da shi. Buhu ɗaya ba ya bukatar fiye da lita 20 zuwa 25, kimanin jarka guda, don kankare mai kyau. A wuri mai zafi kamar Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda rana da iskar hunturu ke zuƙe danshi cikin ɗan lokaci, bokiti ɗaya na ƙarin ruwa ya isa ya cinye duk ribar da girafin ya kawo.

Ta uku ita ce tsada da amana. Kilo ɗaya na girafin oksaid mai kyau ya fi kilo ɗaya na siminti tsada nesa ba kusa ba, kuma haɗa shi na cin asid mai yawa da ke barin gurɓataccen ruwa. Ribar tana fitowa ne kawai idan simintin da aka rage ya biya kuɗin sinadarin. Sannan ba duk abin da aka rubuta wa girafin ne girafin ba. A 2018 masu bincike a Jami'ar Ƙasa ta Singafo, tare da Novoselov da kansa, suka auna kayan kamfanoni 60 daga sassan duniya. Suka tarar cewa a kayan akasarinsu, girafin na gaske bai kai kashi 10 cikin 100 ba, saura niƙaƙƙen girafait ne kawai. Wannan na cikin dalilan da suka sa sakamakon jami'o'i ke saɓa wa juna: wani ya sami ƙarin kashi 40, wani kashi 10, wani bai sami komai ba.

Ana neman hanyoyin sauke farashin. A Jami'ar Rice ta jihar Texas, tawagar James Tour ta nuna a 2020 cewa za a iya mayar da gawayin kwal, da robobi, da ragowar abinci su zama girafin cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ta hanyar dirka musu wutar lantarki mai tsananin zafi. Daga baya sun yi haka da tsofaffin tayoyin mota, suka zuba abin da ya fito a siminti, ƙarfinsa ya ƙaru da kimanin kashi 30. Ta fuskar ɗanyen kaya kuwa, Sin ce ke haƙo mafi yawan girafait a duniya, amma Afirka na da rabo babba: ma'adinin Balama a arewacin Mozambik na cikin mafi girma a duniya, ga kuma Madagaska da Tanzaniya.

Ga mai gini a Kano ko Maraɗi ko Kumasi, abin da wannan ke nufi a yau a fili yake. Simintin girafin bai zama kayan da ake saya a shagon unguwa ba, kuma duk wanda ya zo da wani baƙin gari ko ruwa a galan yana cewa a rage siminti a zuba shi, sai a nemi shaidar gwaji daga ɗakin auna kayan gini da amincewar injiniya. Ƙarin kashi 30 da masana ke fafutukar samu da girafin, ana asarar fiye da shi kullum a wuraren gini ta hanyar yashi mai laka, da ruwa fiye da ƙima, da matse buhu ɗaya ya fitar da bulo fiye da yadda ya kamata, da barin sabon dekin a rana ba a ba shi ruwa na aƙalla kwana bakwai ba.

Sauran aikin yana hannun masu tsara ƙa'idojin gini. Ana zana gida ne ya yi shekara 50, gada kuma shekara 100 ko fiye, alhali daɓen Amesbury a 2021 aka zuba shi. Kafin hukumomi su yarda a rage siminti a ginshiƙi saboda girafin, suna son ganin yadda irin waɗannan daɓe za su kasance bayan damina da rani masu yawa, da yadda ƙurarsu za ta shafi huhun ma'aikaci ranar da aka zo yanka su ko rushe su.